Ɗana ya ce Kuran Daga sunan makaranta ne: wa za mu nuna wa yaranmu a matsayin jarumi?

Baban Yara (Sabon Gari):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ya faru a gidana daren jiya, har yanzu yana ci mini rai. Babban ɗana yana kwaleji. Mushensu na tarihi ya ba su aikin gida, kowa ya rubuto shafi guda a kan wani babban mayaƙi da ya burge shi. Yaron ya karɓi wayar uwarsa, ya zauna gaban fitila, ya cika shafi biyu a kan Napoleyon. Ya san an ci shi da yaƙi a Watalu a 1815, ya san ya mutu a tsibirin Sant Helena a 1821. Na karanta, na ce madalla. Sai na tambaye shi, "To Amadu Kuran Daga fa, wane ne?" Ya ɗago kai ya ce, "Baba, ai lise ce." Wallahi haka ya ce mini, kuma da gaske yake. Kullum ta gaban makarantar nan yake wucewa, bai san sunan mutum ba ne, balle ya san an kashe mutumin saboda garin nan da muke kwana a ciki.

Ban yi masa faɗa ba. Da na gyara zama zan ba shi labarin, sai na ga ni ma abin da na sani bai cika cokali ba: ya yi yaƙi da Nasara, an kashe shi, shi ke nan. To ga tambayata ga manyanmu da masu karatu a cikinmu. In za ku zaɓa wa ɗan Damagaram mayaƙi guda da zai rubuta a kansa, wa za ku zaɓa, kuma don me?

Ɗan Birni:
Wa'alaikumus salam. Kawu, wannan ai ba ta bukatar dogon tunani. Tanimun ɗan Sulaiman. Shi ya zagaye Birni da ganuwa. A zamaninsa maƙeran garin nan suka zuba igwa da hannunsu, albarushi ma a nan ake haɗa shi. Lokacin da sarakuna da yawa ke taƙama da doki da mashi, shi yana da rundunar ƴan bindiga. Ya gaji ƙasar da ke kai gaisuwa Kukawa, ya rasu a 1884 ya bar daular da Barno kanta ke shakka. A bayan gidanmu akwai ragowar ganuwar, tudun ƙasa ne yanzu, awaki na kwana a inuwarsa, kowace damina ruwa na gutsurarsa. Duk sanda na tsaya kusa da shi na ga kaurinsa sai tsigar jikina ta tashi. Yaro ya zo Birni in nuna masa, gani ya kori ji.

Mushe Mai Ritaya:
Ɗana Baban Yara, kada ka ga laifin yaron. Na tsufa da alli a hannu, na san yadda muke dogon bayani a kan yaƙe-yaƙen Turai, in an zo namu kuma mu bi ta kai a guje don shekara ta ƙare. Laifin namu ne.

Bari in ba ka abin da za ka karanta masa yau da dare. Amadu Kuran Daga ɗan Tanimun ne. Ya hau gadon sarauta a 1893, shekarar da Rabe ya ci Kukawa ya tarwatsa gidan Shehun Barno. Ka ga tun ranar farko bai samu zama ba. A gabas ga Rabe, a kudu ga Kano ta Sarki Alu, wadda ya kai wa yaƙi har Gezawa. Ana cikin haka, a 1898, sai ga wani kyaftin na Faransa mai suna Kazamaju ya sauka Damagaram da tafintansa da ƴan sojoji kaɗan, kuma wurin Rabe ya nufa. Fada ta yi lissafi: in Nasara da Rabe suka haɗa kai, wa za a fara ci? Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Kazamaju da tafintan nasa.

Shekara ta zagayo, sai ga rundunar Bule da Shanuwan, wasu hafsoshin Faransa biyu, daga yamma. Abin da suka yi a hanya mutanen Birnin Konni ba su manta ba har gobe: ƙona garuruwa, rataye mutane, gawawwaki a rijiyoyi. A Lugu Sarauniya Mangu ta tare su cikin Afrilun 1899. Ɓarnar ta yi yawa har Faransa ta aiko Kanar Kulob ya karɓe rundunar. Bule ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a ƙasar Tasawa, cikin kwana uku kuma sojojinsu suka juya suka harbe su su biyun. Kaburburansu na Maijirgi, duk mai zuwa Maradi ta nan yake wucewa. Ragowar rundunar ce, a hannun Laftanar Paliye, ta ƙaraso nan. Sarki bai jira su a bayan ganuwa ba, ya fita ya tare su a Tirmini. Aka karya rundunarsa, Nasara suka shiga Birni ranar 30 ga Yuli. Ya janye cikin ƙauyuka, suka bi sawunsa, cikin Satumba suka kashe shi a Rumji, suka kawo kansa gari.

Ni shi zan zaɓa wa yaron. Tanimun ya gina, Allah ya ji ƙansa, amma ya koma ga Allah bai ga rundunar Nasara a ƙofarsa ba. Shi Amadu a ransa abin ya sauka, kuma ya ɗaura sirdi.

Baban Yara (Sabon Gari):
Allah ya saka da alheri Mushe. Wallahi ban san Rumji ba sai yau.

Mutumin Kance:
Mushe, Allah ya ƙara lafiya. Na karanta, na ƙaru. Amma ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ba lalle ya yi wa ƴan Birni daɗi ba.

Ɗan Birni ya ce ganuwa, ya ce igwa. Ƙanena, da me aka sayi bindigogin? Wa ya ɗauki ƙasar da aka gina ganuwar a ka? Mu mutanen ƙauyukan kudu, labarin da kakanninmu suka bar mana daban yake da naku. Kakata ta wajen uwa, Allah ya haskaka kabarinta, ba ta taɓa ambaton mahayan Damagaram da murna ba. Takan ce a zamanin kakarta, in aka hango ƙura daga arewa, mata kan bar tuwo a kan wuta su shige daji da goyo. Kakar tata tana da ƙanwa, sun tafi rijiya tare, ita ta dawo, ƙanwar ba ta dawo ba. Ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Har tsohuwar ta rasu, in za ta yi sadakar Juma'a sai ta ware fura dunƙule guda da sunan yarinyar nan.

To in ɗan Baban Yara ya rubuta shafi biyu na yabo, a ina zai sa yarinyar nan?

Ɗan Birni:
Yaya, Allah ya ji ƙan kakanni. Amma zamanin ne haka. Kano na kai hari, Maradi na kai hari, Barno na kai hari, Azbinawa na kai hari. Wanda bai yi ƙarfi ba shi ake ci. Da Tanimun bai yi abin da ya yi ba, da mu aka kora kasuwar wani. Ba za a auna mutumin wancan ƙarni da mudun yau ba.

Mutumin Kance:
Na yarda zamanin ne. Amma uwar yarinyar ma a wannan zamanin take, kuma ta yi kuka. Ban ce a rushe sunan kowa ba. Cewa na yi a faɗa wa yaro duka.

Ɗalibar Jami'a:
Ina gaida iyayena. Ina karatun tarihi a jami'ar André Salifou, wadda aka sa wa sunan masanin tarihin nan ɗan garin nan. Abin da Kawu na Kance ya faɗa yana rubuce. Wani Bature ɗan Ingila, Jems Ricadsan, ya zauna Damagaram a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim ɗan'uwan Tanimun. Da idonsa ya ga runduna ta fita hari ta dawo da bayi, maza da mata da yara, har da waɗanda aka kamo daga garuruwan da ke ƙarƙashin sarkin kansa. Arzikin Zango, unguwar fatake, na wancan lokaci ma ai hanyar Tarabulus ce: fatu, gashin jimina da bayi su tafi arewa, bindigogi da tufafi su sauko.

Amma Baba na Sabon Gari, ka faɗa wa ƙanena cewa shi ma Napoleyon ɗin da ya zaɓa, a 1802 ya mayar da bauta a ƙasashen da Faransa ke mulka bayan an soke ta. Tusan Lubatur, baƙar fata da ya jagoranci bayin Haiti, a kurkukun Napoleyon ya mutu cikin sanyi a 1803. Faransawa sun san wannan, suna muhawara a kai, kuma kowane yaronsu ya san sunansa. Mu kuwa ba mu koyar da alherin namu ba, ba mu koyar da laifinsu ba, mun bar su a allon ƙofar makaranta kawai.

Tsohon Soja:
Salamu alaikum. Ni ba mai dogon karatu ba ne, amma na ɗauki bindiga shekaru, bari in yi magana a kan Tirmini da idon soja.

Mutane na cewa yaya dubban mahaya suka kasa ƴan ɗaruruwa. Duk wanda ya taɓa ɗura bindigar gargajiya ya san amsa. Ku dubi ƴan bindigar fada ranar hawan Sallah. Mutum zai zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya danna da ƙarfe, ya ɗaga, ya harba, hayaƙi ya turnuƙe shi, sannan ya sake daga farko. Kafin ya gama wannan, mai bindigar Nasara ya harba sau da yawa, kuma harsashinsa na cin nisan da naka bai kai ko rabi ba. Su kuma an hore su: sahu ya durƙusa, sahu ya tsaya, ba mai harbi sai an ba da umurni, a saki wuta lokaci guda. Doki da lifidi a fili gaban irin wannan, sai dai Allah ya ji ƙan mahayin. Lifidi an yi shi don kibiya ne. Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ranar nan karin maganar ba ta yi aiki ba.

Ku duba Habasha. Shekara uku kafin Tirmini, ranar 1 ga Maris 1896, Sarki Menelik ya karya rundunar Italiya a Adwa. Ba wai Habashawa sun fi Damagarawa zuciya ba. Menelik ya shekara da shekaru yana sayen bindigogin zamani da harsasai daga Turawan kansu, kuma ya haɗa sarakunan ƙasarsa wuri guda. Mu a nan, shekara guda kafin Nasara su zo, Damagaram da Kano ke kashe juna. Aka ci Damagaram a 1899, aka ci Rabe a Kusuri a 1900, aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon ɗan'uwansa. Wannan shi ya fi yi mini ciwo.

Mushe Mai Ritaya:
Saje, ka faɗi abin da ban taɓa iya bayyana wa ɗalibai da kyau ba. Allah ya biya.

Ɗan Birni:
To Baba Saje, da kai ne sarkin yaƙi ranar, me za ka ce wa sarki?

Tsohon Soja:
Ɗana, wanda ke zaune a inuwa ba ya gyara wa wanda ke cikin ƙura. Amma tunda ka tambaya, da na ce kada a yi gaba da gaba a fili. A hana su ruwa, a hana su barci, a tsinke masu ɗaukar kayansu. Samori Ture da irin wannan ya ja su shekara da shekaru kafin su kama shi a 1898. Sai dai sarki mai gari da fada da kasuwa, da wuya ya bar su ya shiga daji tun ba a gwabza ba. Mutanensa ma ba za su gane ba.

Malam na Garin Malam:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na bi maganganunku tun safe. Ina da abu biyu.

Na farko, yaro Musulmi bai kamata ya rasa Khalid bin Walid a cikin lissafinsa ba, Allah ya ƙara masa yarda. Kowa na ambaton Yarmuk a 636, inda ya karya rundunar Rumawa. Ni abin da ya fi girma a idona wani abu ne daban. Sayyidina Umar ya sauke shi daga jagoranci yana kan ganiyarsa, runduna na sonsa, takobi na hannunsa. Ya miƙa, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin Abu Ubaida. Ya rasu a kan shimfiɗarsa a Hims, jikinsa duk tabon sara da suka. Haka Salahuddin Ayyubi. Ya ci yaƙin Hittin a 1187, ya karɓi Ƙudus bai yi wa mutanen cikinta kisan gilla ba, alhali da ƴan Salibiyya suka shige ta a 1099 jini suka zubar. Da ya rasu a Dimashƙa a 1193, abin da aka samu a taskarsa bai isa hidimar jana'izarsa ba. Mayaƙi ana duba abin da ya yi da takobi, ana kuma duba ranar da aka ce ya mayar da shi kube.

Na biyu, kuma ina faɗa da nauyin baki. Mushe, Kazamaju baƙo ne da aka saukar. Kashe wanda aka bai wa masauki abu ne mai nauyi a addini da al'ada. Ya kamata yaro ya ji wannan ma.

Ɗan Birni:
Allah gafarta Malam, baƙo ko ɗan leƙen asiri? Mutumin da ya zo da sojoji, yana auna gari, yana neman hanyar zuwa wurin maƙiyinka? Ai abin da ya faru bayan shekara guda ya nuna fada ta yi gaskiya.

Malam na Garin Malam:
Ɗana, tsoron da fada ta ji yana da dalili, ban musa ba. Amma akwai kora, akwai tsarewa, akwai hana hanya. Ni dai ba zan iya koya wa almajirina cewa babu komai a ciki ba.

Mushe Mai Ritaya:
Malam, na karɓi gyara. Abin da zan ƙara shi ne, ko an kashe Kazamaju ko ba a kashe shi ba, Faransa na tafe. A 1898 ɗin nan ita da Ingila suka zauna a Paris suna ja wa ƙasashenmu layi a takarda, kuma rundunoni uku ta shirya su haɗu a Tafkin Cadi: ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, ɗaya ta nan. Konni ba ta kashe baƙon kowa ba, kun ji abin da ya same ta. Kisan ya ba su hujja, suka sa wa barikin da suka gina a kan duwatsu sunan Kazamaju. Wanda ma suka naɗa bayan Kuran Daga, Amadu ɗan Bassa, bai tsira ba: a 1906 suka tuhume shi da shirya tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa, suka bar gari a hannun wani bafade, Bellama. Sai 1923 sarauta ta koma gidanta.

Hajiya ta Zango:
Salamu alaikum. Ni ban cika magana a zauren nan ba, amma yau kun taɓo ni.

Duk kuna ta ambaton sarakuna da kyaftin-kyaftin. Waɗanda suka harba bindiga a Tirmini, Nasara nawa ne a cikinsu? Ƴan tsiraru. Sauran baƙaƙe ne irinmu, daga ƙasar Bambara da Senegal. Su ma wasu uwaye suka haife su.

Kakana tsohon sojan Faransa ne. Ba shi ya kai kansa ba. An ce kowane gari ya ba da samari, mai gari ya duba gidan da ba su da mai tsaya musu, ya nuna shi. Yana saurayi aka ɗauke shi daga ƙauyensu a ƙasar Magariya, aka kai shi har Indoshin, yankin Biyetnam ta yau. Ya dawo da kunne guda ba ya ji. Ina yarinya ni ke kai masa kunu da safe. Yana da wani gwangwani da yake ajiyewa ƙarƙashin gado, a ciki akwai lambobinsa guda biyu naɗe a tsumma, da ɗan littafinsa na soja wanda gefensa duk ya cinye. Ranar karɓar fansho zai sa tsohuwar rigarsa, ya maƙala lambobin, ya tafi da ƙafa tun asuba. In ya dawo sai ya zauna shiru. Sai da na girma na gane dalili: tun 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojinta na Afirka, abokinsa Bafaranshe da suka kwana rami guda yana karɓar ninki ba ninki. Da dare wani lokaci yakan farka yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba. Kakata ta riƙe hannunsa tana karanta masa Ƙulhuwallahu har ya koma barci.

Ban ce jarumi ne ba, don ya yi yaƙi da mutanen da ba su yi masa komai ba, kuma shi da bakinsa ya faɗi haka. Amma duk sanda aka yi maganar mazan jiya ba a ambaci irinsu ba, sai in ji kamar an sake nuna shi an ɗauke.

Ɗalibar Jami'a:
Allah ya ji ƙansa Hajiya. Kin sa ni hawaye. A Tiyaroy kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus sun nemi haƙƙinsu wurin Faransa, sojojinta suka buɗe musu wuta. Hajiya, don Allah littafin nan yana nan?

Hajiya ta Zango:
Yana nan ƴata, a wurin yayana. Lamba guda ta ɓata, guda na nan.

Direban Agadas:
Ni mamaki nake har yanzu ba wanda ya ambaci Kawsan, jagoran Buzaye. Mutumin nan ya kewaye barikin Faransa a Agadas tun Disambar 1916 har Maris 1917, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Daga nan Damagaram aka tashi rundunar da ta je ta kwance ƙawanyar, don a lokacin Damagaram ce babban birnin ƙasa, sai 1926 aka mayar Yamai. Da suka shiga Agadas, malamai da dama suka kashe. Shi kuma a Murzuk aka rataye shi a 1919. A arewa ko yaro ka tambaya ya san shi. Mu ne dai.

Ɗan Kasuwar Dole:
Ku bar zancen mutanen da ba mu gani ba. Sojan da ni na gani da idona Seyni Kunce ne. Ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 ana tsakar yunwa, ya sa motocin soja suka kai hatsi ƙauyuka. Ma'aikaci ba ya isa ya makara, don bai san ranar da shugaban ƙasa zai faɗo masa ofis ba. Kuɗin gwamnati kuwa wuta ne, ba mai taɓawa ya kwana lafiya.

Mushe Mai Ritaya:
Alhaji, na yi aiki a zamaninsa, abin da ka faɗa na tsare dukiyar ƙasa na shaida. Amma na kuma san yadda muke rage murya in za mu yi hira da abokai, don ba ka san wanda zai kai rahoto ba. Na san abokan aiki da aka ɗauke ba shari'a. A daren juyin mulkin aka kashe Aisa, matar Jori Hamani, shugaban da aka hamɓarar, shi kuma Jori ya shekara da shekaru a tsare. Har Kunce ya rasu a Paris cikin Nuwambar 1987 ba a yi zaɓe ba. In za mu faɗa wa yaro Tanimun duka, to Kunce ma duka.

Ɗan Kasuwar Dole:
Mushe, ni dai na ci hatsin. Da ba a kawo ba, da ƙannena biyu ba su kai labari ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, Allah ya ba ku haƙuri. Na goge saƙonni uku da suka shiga siyasar yau. Dokar zaure tana nan. A tsaya kan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kuma a kiyaye harshe a kan iyayen kowa.

Mutumin Kance:
Ɗan Birni, kada ka ɗauka ina ƙin garinku ne. A nan na yi karatu, a nan na yi aure, ƴaƴana ƴan Damagaram ne. Ranar hawan Sallah ni ma ina tsayawa a ƙofar fada, in na ji tambari da kakaki jikina na amsawa. Abin da ke zuciyata game da Kuran Daga ma, bayan bayanin Mushe, ya sauya. Mutumin da aka yanke wa kai saboda ya ƙi miƙa ƙasa, ba ni da bakin raina shi.

Ɗan Birni:
Yaya, ni ma na yi ta tunanin dunƙulen furar nan tun ɗazu. A gidanmu akwai wata tsohuwa da muke kira Iya, ta rasu ina ƙarami. An ce kakarta "kawo ta aka yi". Ban taɓa tambayar daga ina ba. Yau zan tambayi babana.

Baban Yara (Sabon Gari):
Jama'a, Allah ya saka wa kowa. Bayan sallar isha na zaunar da yaron na karanta masa tun daga saƙon Ɗan Birni har na Hajiya, uwarsa da ƙannensa na ji. Da na zo wurin Rumji ya ce in maimaita. Da na zo wurin rijiya, ƙanwarsa ta tambaya ko an gano yarinyar, na ce a'a.

Ya yage shafukan Napoleyon da kansa, na ce ya ajiye, ilimi ne. Ya ce zai rubuta a kan Kuran Daga, amma yana so ya fara da ganuwa da waɗanda suka ɗauki ƙasarta, ya ƙare da sojojin da suka yi harbi. Na ce shafi guda aka ce. Ya ce zai roƙi mushe ya bar shi ya yi uku.

Kuma yana so ya ga Tirmini. Asabar in Allah ya kai mu zan kai shi, tunda ga ta nan kan hanyar Takeita. Mushe, in jiki ya yarda, ko za ka raka mu? Zan zo in ɗauke ka.

Mushe Mai Ritaya:
Zan je ɗana, in sha Allahu. Mu tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi. In mun isa mu fara gaida mai gari, mu nemi tsofaffi, su suka san inda iyayensu suka nuna musu. Yaron ya riƙo littafi da biro.

Tsohon Soja:
In akwai wuri a motar ku sa da ni. Ina so in ga yanayin filin da idona.

Ɗalibar Jami'a:
Ni ma Baba, zan zo da abin ɗaukar murya. Hajiya, in kin amince, ranar Lahadi in zo Zango in ɗauki hoton littafin Kaka.

Hajiya ta Zango:
Ki zo bayan la'asar ƴata. Zan aika a karɓo shi wurin Yaya tun Juma'a. Ki zo da yaron nan ma, ya riƙe lambar a hannunsa.